Na Ɓoye 'Yata Daga Dangin Ubanta Indiyawa

Ina gaishe da mai kula da wannan shafi da duk masu karanta shi. A lokacin da wannan abu ya same ni, ni matar aure ce a Fatakwal, uwar 'ya ɗaya, wadda duniyarta ba ta wuce ɗakinta da murhunta da bakin famfon tsakar gida ba. 'Yar Kudancin Kaduna ce ni, Kirista, karatuna a firamare ya tsaya. Goggona ce ta ɗauko ni daga ƙauye ina budurwa, na zo ina taya ta sayar da tuwo ga masu sauke wake da albasa a Mile 3. Ni ba mai yawo ba ce, ko coci na je ana tashi nake kama hanyar gida. Amma in kika same ni a gida sai kin gaji da surutuna, kuma duk abin da aka faɗa a tsakar gidan hayarmu, ko da raɗa ne, kunnena ya ɗauka. Ban rubuto don a tausaya mini ba, abin ya wuce kuma ya ƙare da alheri. Na rubuto ne don na san akwai mata irina da tsoro zai iya sa su kwashi 'ya'yansu su shiga duniya, alhali ba wanda ke korarsu.

Mijina Ba'indiye ne. Na san wasu za su tsaya a nan su sake karantawa, to haka ne. A Kano aka haife shi, zamanin da mahaifinsa ke da kantin yadi a can, kuma Hausar bakinsa ta fi tawa daɗi, har tsokanata yake yi wai ni Hausar bayan gari nake yi. Sito yake kula da shi na wani kamfanin kayan masarufi kusa da Kasuwar Creek Road. Haɗuwarmu ma a kan tuwo ne. Ya zo wajen goggona ya ce a zuba masa miyar da nama bai taɓa ba, goggo ta dube shi sama da ƙasa ta ce in ba shi da lafiya ne ya tafi asibiti, nan ba a dafa miyar majinyata. Ni ce na tausaya masa na riƙa ɗora masa 'yar tukunyarsa daban. Daga 'yar tukunya aka kai ga rajistar aure. Shi addinin Hindu yake bi, yana da wani lungu a ɗaki inda yake kunna 'yar fitila da turare da safe, ban taɓa taɓa masa ba, shi kuma ran Lahadi da kansa yake kai ni ƙofar coci ya jira ni a mota. Allah ya ba mu 'ya mace, fara, mai gashi har gadon baya, har unguwar duka ta koma kirana Maman Bebi. Danginsa kuwa suna can ƙasarsu, tsohuwar uwarsa da wansa da ƙaninsa, duk a gida ɗaya da kakansu ya gina. Ban taɓa zuwa ba, a waya kawai muke gaisawa.

Rana ɗaya ya fita aiki lafiya ƙalau, ya faɗi a cikin sito, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Yarinyar lokacin tana ajin tsakiya a firamare. Cikin 'yan kwanaki wansa ya iso. Aka ɗauki gawar zuwa Legas aka ƙone ta yadda addininsu ya tanada, aka zuba tokar a wata 'yar tukunya wadda za a kai wani kogi a ƙasarsu. Tun yana da rai ya gaya mini haka ake yi musu, na kuma ce na ji, amma ji daban gani daban. Na dawo Fatakwal ba miji, ba ko kabarin da zan je in tsaya a kai. Abin da ya zauna mini a rai shi ne, mutanen nan sun zo sun tattara nasu, ko ƙashi ba su bar mini ba.

Wan mijina dattijo ne mai sanyin magana. Shi ma a Kano ya yi ƙuruciya, amma an mayar da shi gida da wuri, don haka Hausarsa ta yi tsatsa, sai ya ce wa mace kai ya ce wa namiji ke. Ƙanwata yake kirana, ni kuma ina ce masa Yaya. Da aka gama zaman makoki ya zauna a falonmu ya ce yana son takardar haihuwar yarinyar da ta aurenmu da hotunanta. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce yarinyar nan 'yar gidansu ce, tun ranar da aka haife ta take da kaso a gidan kakansu, kuma yanzu da ubanta ya rasu ƙaninsu ya matsa a raba gidan kowa ya kama nasa, amma ba za a iya rabawa ba sai da ita. Ya ce zai je ya kai tokar, ya dawo a kammala maganar, kuma zai so a yi wa yarinyar fasfo tun yanzu. Duk na ji maganarsa sarai, ban rasa ko kalma ɗaya ba. Na ce masa to, Allah ya kai mu. Amma yana fita na shiga ɗaki na rufe ƙofa na fashe da kuka.

Sai na gaya muku dalili, don kada ku ce hauka na yi. Ina ƙarama babana ya rasu a ƙauye. Gonarmu ta gandu ce, ta kakanmu, shi da 'yan'uwansa suke nomawa tare. Da aka zo rabo, baffanninmu suka ce ƙannena maza suna da kaso, kuma tunda suna da kaso a gidan za su zauna, don ba a ba wa ɗa gona a bar shi ya bi uwa gidan wani. Suka riƙe yaran. Innata ta fita daga gidan da tabarma da tukwane biyu da ni a bayanta, saboda ni mace ce, ba ni da kaso, ba wanda ya damu da inda zan je. Har ta mutu ƙannena baƙi ne a wurinta, in sun zo gaishe ta a tsaye suke gaisuwa. To ni abin da na tashi da shi ke nan, duk gidan da ya ce ɗanki yana da kaso, ɗan yake nufin ɗauka. Da na ji Yaya ya haɗa kaso da fasfo a zama ɗaya, sai na ga innata tsaye a ƙofar gida da tabarma.

Na je na gaya wa goggo, ita kuwa ta ƙara wa wutar fetur. Ta ce ai dama ta faɗa tun ranar miyar majinyata, mutumin da ba ya cin nama me zai ci in ba mutane ba. Ta ce ke 'yar nan, wane ne ya taɓa ba wa 'ya mace gida saboda Allah? Lallaɓa ki yake yi, yana samun fasfo sai dai ki ji jirgi ya tashi, in kin isa ki hau okada ki bi shi. Matan tsakar gida ma kowa ta kawo nata. Maƙwabciyata Bahaushiya ta ce ko a wajensu in uba ya mutu baffa ne waliyyi, shi ke da magana a kan yarinya. Wata 'yar ƙabilar Ibo ta ce ita da mijinta ya mutu ko katifa ba a bar mata ba. Babu wadda ta taɓa ganin Indiya ko a mafarki, ni ma haka, amma muka taru a bakin famfo muka yanke wa mutanen hukunci. Ban je wajen fasto ba, ban nemi lauya ba, ban ko sake kiran Yaya in ce ya ƙara yi mini bayani ba. Da safe na shirya yarinyar kamar za ta makaranta, na zare layin wayata na jefa a kwata, muka hau motar Anaca.

A Anaca wata da muke coci ɗaya a da ta sauke mu a ɗakinta. Ba mu daɗe ba, don yarinyar ba ta ɓoyuwa. Duk inda muka gifta sai an juyo, yara su biyo mu suna cewa 'yar Indiya ta yi musu rawa. Rannan na hango wani Ba'indiye a bakin wani kanti, bawan Allah ko kallonmu bai yi ba, lissafin kayansa yake yi, amma ni na ja yarinyar da gudu har takalminta ya tsinke. Washegari muka wuce Inugu. Na sauka a unguwar Ogui ban san kowa ba, na bi ƙamshin miyar kuka har rumfar wata Hajiya mai sayar wa Hausawan wurin abinci. Bakanuwa ce, a Inugu ta tsufa, tana jin Ibo kamar a can aka yanke mata cibiya, ga faɗa ga kirki. Na ce mata ina neman aikin wanke-wanke. Ta dubi yarinyar ta dube ni, ta ce ke dai ba wanke-wanke ne ya fito da ke ba, amma zauna ki ci tukuna. Da na ba ta labari sama-sama, na ce dangin uba ne ke son ƙwace mini 'ya, ta ba mu wani ɗan ɗaki a bayan gidanta.

A gidan Hajiya na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na ari hijabin jikarta na saka wa 'yata don a daina ganin gashin, na shafa mata toka da mai a fuska don hasken ya ragu. Ku duba fa, uba Hindu, uwa Kirista, 'ya cikin hijabi tana wanke kwanukan tuwo. Hajiya takan yi dariya ta ce yarinyar nan ta tara addinai, duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa ranar gobe za a buɗe mata. Ni ba na iya dariyar. Makaranta na hana ta, don ina tsoron a rubuta sunanta a wani wuri a gano mu. Yarinyar da ubanta ke zama da ita kowace yamma suna karatu, ta koma zaman bayan rumfa tana kallon 'yan makaranta na wucewa. Damina ta zo, ɗakin ga sauro ga danshi, ta kwanta zazzaɓi har sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Tana kwance ta tambaye ni ko laifi muka yi wa wani da muke ɓuya. Na ce a'a. Ta ce to me ya sa Baffa, wanda ya ɗauke ta a kafaɗa ranar da aka tafi da Baba, ya zama abin tsoro? Na ce ta yi shiru ta sha magani. 

Abin da ban yi tunani ba shi ne, duk wanda ya ɓuya a cikin Hausawan kudu bai ɓuya ba. Motar da ta sauke albasa a Inugu yau, jibi tana Fatakwal, kuma direbobi da yaran mota ba abin da ba sa ɗauka a baki. Ashe Yaya ya dawo ya tarar da ɗaki a kulle. Goggo ta ce masa ba ta san inda nake ba, wanda gaskiya ne, don ko ita ban gaya wa ba. Bai kai ƙara wajen 'yan sanda ba. Sai ya tafi wajen dattawan Hausawa na Mile 3, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe su yadda ya koya a Kano yana yaro, ya gaya musu abin da ke tafe da shi. Daga nan magana ta bi motoci. Ya koma ƙasarsu ya sake dawowa, bai fasa ba. Har wani direba ya ce shi kam ya ga wata yarinya mai dogon hanci da idon Indiyawa tana miƙa ruwan wanke hannu a rumfar Hajiya a Ogui.

Dattawan ba su aiko shi kai tsaye ba, Hajiya suka fara kira a waya. Ita kuma ta yi kwanaki tana juya maganar ba ta gaya mini ba, don ta san ina ji zan sake kwasar yarinyar. Wata ranar kasuwa da hantsi, ina tuƙa tuwo, na ɗaga kai na gan shi zaune a kan benci tsakanin masu dako, da farantin shinkafa da wake a gabansa, ba nama. Ya rame, gashinsa ya ƙara fari. Muciyar ta faɗi daga hannuna. Na finciko yarinyar na tura ta bayan durom ɗin ruwa na tsaya a gabanta, ina cewa sai dai a kashe ni. Hajiya ta ajiye ludayi ta ce Maman Bebi ki dawo hankalinki, nan rumfata ce, ga maza cike da benci, wa zai ɗauki yarinya a gabana in ba ta kan gawata ba? Ta ce mutumin nan ya ƙetare teku ya zo, ko ɓarawo ne ai a bar shi ya gama magana kafin a yi masa ihu. Ta kora mu cikin gida, ta sa aka kira limamin unguwa da wani dattijo daga cocin da nake zuwa a ɓoye, wanda ashe ta san da shi tuntuni, ta ce kowa ya zo da nasa shaidar.

Yaya bai yi faɗa ba. Ya haɗa tafin hannuwansa biyu ya gaishe ni, ya ce ƙanwata, kai ka wahalar da ni, har masu shaida suka yi murmushi. Na ce masa kai tsaye, ba zan ba da 'yata ba, su riƙe gidansu, ba ma so. Ya dube ni ya tambaya wa ya ce zai ɗauke ta. Na ce shi ya ce tana da kaso, kuma ya ce a yi fasfo. Na ba su labarin innata da tabarmarta, ina yi ina kuka. Da na gama ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce yanzu ya gane, kuma laifinsa ne da bai yi bayani da kyau ba, ya ɗauka abin da kowa ya sani a wajensu kowa ya sani a ko'ina. Ya ce gidan nasu kamar gandu yake, gaskiya ne, dukiyar kaka ce da ba a raba ba. A dokarsu duk ɗan da aka haifa a irin wannan gida yana da kasonsa tun daga haihuwa, ba sai uba ya mutu ba. A da maza kaɗai ke da wannan, amma an gyara dokar, yanzu 'ya mace daidai take da namiji, ko tana zaune a gidan ko tana bangon duniya, ko ta yi aure ko ba ta yi ba. Kason nata ba igiya ba ce da za a ɗaure ta da ita.

Sai ya faɗi maganar da ta sa na zauna a ƙasa. Ya ce a dokar tasu, in uba ya rasu ya bar ƙaramin yaro, uwa ce waliyyiya, ba baffa ba. Shi ba shi da ikon sa hannu a madadin yarinyar, balle ya ɗauke ta. Duk wannan neman da yake yi, ni yake nema, don ni kaɗai ce zan tsaya mata a rabon. Fasfon kuwa na mu biyu yake nufi, in muna so, don tsohuwa ta ga jikarta kafin ta mutu, in ba ma so kuma za a iya yin komai daga nan ta hannun lauya. Limamin ya sa ya maimaita maganar waliyyin, ya gyaɗa kai ya ce lallai kowace al'umma da tsarinta. Hajiya kuwa ta juyo ta ce to kin ji, shashasha, kin shafa wa 'yar mutane toka a banza, ga shi ashe ke ce baffan. Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun. Yarinyar ta fito daga bayan labule da kanta, ta je ta sunkuya ta taɓa ƙafarsa yadda ubanta ya koya mata a gaishe da manya, shi kuma ya ɗora hannu a kan hijabin nan na aro ya sa mata albarka.

A nan take ya kira tsohuwa a waya mai hoto. Na ga wata 'yar ƙaramar tsohuwa cikin farin zane a kan gado. Aka cire wa yarinyar hijabi, tsohuwa ta kai hannu tana shafa gilashin wayar tana magana da yarensu. Yaya ya fassara, wai tana cewa goshin ɗanta ne, kuma wa ya bar gashin nan ba mai? A bayan gadonta na hango bokitai a jere. Na tambaya, sai Yaya ya ce rufin ɗakin ne ke yoyo. Tunda aka fara maganar rabo ba wanda ya yarda ya gyara, kowa na cewa bai san ko ɓangaren zai faɗo a kasonsa ba, rabon kuma ya tsaya saboda ba a gan mu ba. Ƙaninsu har ya ce a raba kawai a manta da mu, tunda mun gudu. Tsohuwa ta ce ba da ranta ba, Yaya kuma ya ce ko an yi hakan rabon ba zai tsaya ba, duk ranar da yarinyar ta girma za ta iya rushe shi. Wato duk daminar da 'yata ta yi tana rawar sanyi a Ogui, kakarta ma tana can tana kwana cikin ɗigar ruwa, kuma gudun da na yi ne ya jawo duka biyun. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai.

Muka koma Fatakwal da rakiyar Hajiya, wadda ta ce ba ta yarda da ni ba, ina iya dirowa daga mota a hanya. Wannan karon na nemi lauya tawa ta kaina, mace, ta hannun cocinmu. Ta karanta komai ta fassara mini da Hausa, na yi ta tambaya har ta gaji, sannan na dangwala yatsa. A kan nawa kason na matar mamaci an ɗan yi ja-in-ja tsakanin lauyoyinsu, saboda a nan aka ɗaura auren kuma ni ba addininsu nake bi ba, amma tsohuwa ta tsawatar aka daidaita. Yarinyar ta samu wani ɓangare na saman gidan da sunanta, an sa 'yan haya, da kuɗin hayar take karatu. Ko ni ba ni da ikon sayarwa sai kotunsu ta yarda, kuma hakan ya yi mini daɗi, don na san halin talauci da halin masu ba da shawara. An gyara rufin. Tsohuwa ta ƙara shekara tana kiran jikarta kowane mako kafin ta rasu. Ba mu samu zuwa ba tana da rai, shirin tafiyar bai kammala a kan lokaci ba. Goggo kuwa har yau ba ta ce ta yi kuskure ba, cewa take yi wai sa'a na yi na faɗa kan na kirki, amma duk zuwan Yaya ita ke ɗora masa miyar da ba nama da hannunta.

'Yata tana nan tare da ni, ta maimaita ajin da ta rasa, yanzu tana sakandare, ta fi ni tsawo. Wani lokaci in ta fita makaranta nakan tsaya a ƙofa in bi ta da kallo har ta sha kwana, in ji wani sanyi a ƙirjina, don ba wanda ya raba ni da ita kuma ba wanda ya taɓa niyyar yi. Abin da na koya shi ne, raunin da aka yi wa innata gaskiya ne, amma ba kowane gida ne gidan baffannina ba. Na auna mutane da mudun ƙauyenmu alhali nasu daban ne, na kuma nemi shawara wajen waɗanda suke ƙaunata amma ba su fi ni sanin komai a kan maganar ba. 'Yan'uwana mata, musamman ku da kuka auri wanda ba yarenku ba ko ba addininku ba, ku tambayi mazanku tun suna da rai yadda ake rabon gado a wajensu, wa ke da kaso, wa ke riƙe yara. Ba fatan mutuwa ba ne, ni kunya ce ta hana ni tambaya. In kuma abin ya riga ya faru, dangin miji suka zo da maganar da ta tsorata ku, kada ku yanke hukunci a bakin famfo. Ku tara manya, ku nemi wanda ya san dokar mutanen, ku sa a maimaita muku har ku gane. Akwai dangin da gudu ne maganinsu, ban musa ba, na gani da idona ina yarinya. Amma ku tabbatar tukuna. Ni ban tabbatar ba, kuma ba ni na biya ba, yarinya ƙarama da tsohuwa mai jiran ganin jikarta ne suka biya.